Ɗan aiken da ke cikin tsohuwar kwamfutata

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Gujungu. A irin wannan rana shagona ba ya rabuwa da mutane tun daga hantsi, domin duk wanda ya fito daga ƙauyukan da ke bayanmu ta bakin titinmu yake bi. Shagon ɗaki ɗaya ne: tebur, benci biyu, firinta, injin fotokwafi, da tsohuwar laftof da na sayo ta hannu a Kano. Wutar sola nake amfani da ita, faifai biyu a kan rufi, batir ɗaya a ƙarƙashin tebur. Sana'ata buga takardu: wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure, tambayoyin jarrabawar firamare da na Islamiyya, jerin sunayen 'yan ƙungiyar manoma, da takardun cinikin gona da na fili.

A tsakiyar daminar 2024 wani dattijo ya shigo da takarda a naɗe cikin leda. Ruwa ya ci bangon ɗakinsa, akwatin da yake ajiyar takardu ya jiƙe sharkaf. Da ya warware ledar, takardar ta manne da juna, rubutun rabinta ya tafi, sai tambarin dagaci da ya rage shuɗi-shuɗi a ƙasa.

Ya ce, "Malam, kai ka buga mana ita shekara biyu da suka wuce. Wanda ya sayar min da gonar yana raye, shaidu suna raye. Dagaci ya ce a sake fito da ita yadda take, kowa ya sake sa hannu."

Na ce, "Baba, zauna, yanzu za a fito maka da ita."

Na tuna ranar da na buga ta sarai, na tuna har da shayin da aka kawo mana. Amma inda na ajiye ta a cikin kwamfuta, Allah masani. Na buɗe wannan folda na rufe, na buɗe waccan. Sunayen da na tarar su ne suka kashe min jiki: "Document1", "Doc1 - Copy", "sabo", "sabo 2", "na Alhaji", "na Alhaji gyara". Wane Alhajin? Gari ya haɗa hadari, inbata ta fara ƙarar da take yi idan batir ya ja baya, mutum huɗu suna jira a benci. Na ce masa ko in sake buga sabuwa ya faɗa min iyakokin gonar da bakinsa. Ya girgiza kai. Ya ce idan kalma ɗaya ta sauya, gobe wani daga cikin 'ya'yan mai sayarwar zai iya cewa an yi ƙari. Gaskiyarsa ce kuwa. Ya naɗe takardarsa ya ce, "Ba komai, ɗana. In Allah ya kai mu kaka na dawo." Wannan "ba komai" ɗin ta fi min zafi a kan da faɗa ya yi min.

Ɗan yayata yana zaune a bakin ƙofa duk abin nan a idonsa. Karatun kwamfuta yake yi a Kazaure, hutu ya zo. Da mutane suka watse ya ce, "Kawu, wahalar da kake sha da wannan linzamin ta yi yawa. Akwai abin da zan saka maka."

Kafin ya saka komai sai da ya duba ko kwamfutar za ta ɗauka. Ya rubuta winver, wata 'yar taga ta fito da lambar Windows ɗin da ke kai. Ya ce manhajar tana buƙatar Windows 10 mai bit 64, fitowar da ake kira 2004 ko wadda ta biyo bayanta, kuma tawa ta cika sharaɗi. Sabis ɗin garinmu ba zai iya jan babban fayil ba, don haka washegari ya hau babur ya tafi Ringim, ya sauko da ita cikin filash. Sunanta PowerToys, ta kamfanin Microsoft ce, kyauta ake ba da ita. Ya ce sunan tsoho ne, tun zamanin Windows 95 yake, aka farfaɗo da shi a 2019. Ba manhaja ɗaya ba ce, tamkar jakar makaniki take, cike da ƙananan kayan aiki. Wanda ya kawo ta dominsa shi ne PowerToys Run, wanda aka ƙara a 2020. Da yake ram ɗin kwamfutata, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kai, gig 4 ne kacal, sai ya bi sauran kayan ɗaya bayan ɗaya ya kashe su, ya bar biyu ko uku, don kada su riƙa cin ƙarfin injin a banza.

Ya ce, "Kawu, danne Alt da babban yatsa, ka taɓa dogon maɓallin nan na tazara."

Na danna. Wani siririn akwati ya fito a tsakiyar allo, babu komai a cikinsa sai ɗan layi yana ƙiftawa. Ya ce in rubuta wo. Kafin in ɗaga yatsa Word ya bayyana a ƙarƙashin akwatin. Na danna Enter, ya buɗe. Shi yana kiran abin lonca. Ni kuwa tun ranar nake kiransa ɗan aike, domin aikinsa ke nan: ka kira shi ya zo, ka faɗa masa abin da kake so ya je ya kawo, ya ɓace har sai ka sake kira.

Ranar da zai koma makaranta ya ɗauki bayan wani katin ɗaurin aure da ya lalace wajen bugu, ya jera wasu alamomi da biro, kowace da bayaninta a gaba, ya manna min a bango daidai saitin idona. Ya ce, "Buɗe manhaja kowa ya san shi. Waɗannan su ne ainihin amfaninsa." Na yi kusan wata guda ban kula katin ba. Word da Excel da burauza kawai nake aikensa ya buɗo min, kuma ko a hakan na ga sauƙi. Hannu ya saba da linzami shekara da shekaru, ba ya saki a kwana ɗaya.

Alamar da na fara ɗauka daga katin ita ce ta daidai, wato =. Idan ka fara rubutu da ita, akwatin ya zama kalkuleta. Da can waya nake ɗauka in lissafa, in kalli amsar, in sake buga ta a takarda, kuma a tsakanin kallo da bugawa ne sifili yake ɓacewa ko ya ƙaru. A nan kuwa amsar tana fitowa tun kana rubutu, kuma idan ka danna Enter sai ya kwafe ta, ka koma cikin takardarka ka liƙa da Ctrl da V. Wannan kwafewar ita ce abin da ban sani ba sai da na yi mako biyu ina amfani da shi. A jerin kuɗin taki na ƙungiyarmu, inda mutum ɗaya zai karɓi buhu uku wani biyu da rabi, ta raba ni da gogewa da sake bugu. Wata rana bayan an yanke shinkafar rani, wani maƙwabcina ya leƙo ya ce ya sami buhu 37, nawa zai fitar? Hukuncin na malamai ne, kuma sananne ne: abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma, abin da aka sha wahalar ban ruwansa ɗaya cikin ashirin. Tasa da inji ya shayar. Na rubuta = 37/20, ya ba da 1.85. Na ce masa buhu biyu ne ba kaɗan. Ya ce zai cika biyun, ya wuce.

Ta biyu ita ce alamar kashi cikin ɗari guda biyu a jere, %%, mai juya awo. Wannan ta shafi aikina kai tsaye. Mutanenmu da ƙafa suke auna fili, hamsin da ɗari, amma wasu takardun da mita ake so a rubuta. Idan na rubuta %% 100 ft in m sai ya ba ni 30.48, ƙafa 50 kuma mita 15.24. Haka tsakanin eka da hekta, inda mutane da yawa suke ɗauka abu ɗaya ne, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Fom ɗin tallafin noma yakan tambayi girman gona da hekta, manomi kuma eka ya sani. Mai eka uku hekta ɗaya da ɗigo biyu yake da ita, ba uku ba. Na sha ganin wanda aka rubuta wa uku, aka zo dubawa aka ce ya yi ƙarya, alhali bai yi ba, mai cika masa fom ne bai san bambancin ba. Kuma duk wannan lissafi ba ya taɓa data. Ko babu sabis ko ɗigo yana yi.

Sai na zo kan alamar tambaya, wadda ita ce ta neman fayil, kuma a nan ne na sha ƙasa. Na rubuta ? gona, ina sa ran takardar Baba za ta faɗo. Babu. Na rubuta ciniki, babu. Na rubuta sunansa, babu. A ƙasan akwatin ma wani gargaɗi ya fito da Turanci cewa ba duka fayilolina ke cikin lissafinsa ba. Na kira yaron a waya da daddare na karanta masa.

Ya ce matsala biyu ce. Ta farko, ɗan aiken ba da kansa yake bin kwamfuta lungu-lungu ba. Akwai wata rajista da Windows take ajiyewa ta sunayen fayiloli, ita yake dubawa. Rajistar kuwa, in ba ka sauya mata tsari ba, foldodin mai kwamfutar kawai take ɗauka, irin su Documents da Desktop da Pictures. Ni kuma wanda ya sayar min da laftof ɗin ya raba rumbunta, wato inda take ajiye fayiloli, gida biyu, C da D, kuma kusan duk tsofaffin ayyukana a D suke. Ya ce in rubuta alamar dala, wato $, sannan index. Alamar dala ita ce take kai mutum saitin Windows kai tsaye, ba sai ya bi ƙofa bakwai ba. Tagar rajistar ta buɗe, na ƙara foldar ayyukana ta D. Ya gargaɗe ni cewa tsohon rumbu mai juyawa irin nawa zai ɗauki lokaci, kuma Windows takan rage gudun aikin idan ana amfani da kwamfutar ko tana kan batir. Sai na bari sai ranar da gari ya yi wasai, na jona ta tun safe na ƙyale ta har la'asar.

Matsala ta biyu ba ta da maɓalli. Ya ce, "Kawu, da suna yake nema. In ka sa wa takarda suna Doc1, to Doc1 ya sani." Na yi shiru. Ko yaron gida ka aika ka ce ya ɗauko maka "abin nan" a "wajen nan", zai tsaya yana kallonka ne. Shekara da shekaru ina karɓar amanar mutane, gonakinsu da basussukansu da yarjejeniyoyinsu, ina jefa su cikin rumbu babu alama. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan ba rashin sani ba ne kaɗai, har da gaggawar ranar kasuwa, inda kake so ka sallami wannan ka kama wancan.

Daga nan na ɗaura aniyar sake wa fayilolin suna. Wannan shi ne aikin da ya fi kowane tsawo, kuma shi ne ya mayar da ɗan aiken abin amfani na gaske. Kowace rana bayan azahar, lokacin da mutane suka ja baya kuma rana tana kan faifai, nakan buɗe guda ashirin ko talatin, in karanta layin farko, in rufe, in danna F2 in rubuta sabon suna. Tsarin da na tsaya a kai shi ne: irin takardar, sai sunan mai ita, sai ƙauyensu, sai shekara da wata. Ciniki gona, wane, ƙauye kaza, 2022-07. Na koyi abubuwa biyu a hanya. Na farko, dole in tsaya a kan rubutu ɗaya ga kowane suna. Idan yau na rubuta Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muhd, to na raba mutum ɗaya gida uku, kuma neman ɗaya ba zai kawo sauran ba. A cikin takarda ina rubuta sunan mutum yadda yake a katinsa, amma a sunan fayil rubutuna ɗaya ne. Na biyu, a sunan fayil na daina sa haruffa masu lanƙwasa. A cikin takarda ba na wasa da su, domin ƙasa ba kasa ba ce, ɓata ba bata ba ce, kuma yaron ya yi min amfani da wani kayan aikin na cikin jakar, Keyboard Manager, ya ɗaura min ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan da nake iya kaiwa da sauri. Amma a sunan fayil k da d da b zalla nake sawa, don duk wanda ya zauna a kujerar nan ya rubuta yadda hannunsa ya kai ya samu.

Akwai wata 'yar dabara da ta taimake ni ƙwarai a wannan aiki. Idan ɗan aiken ya nuna maka fayil, ba dole ne ka buɗe shi ba. Ka danna Ctrl da Shift da E tare, sai ya buɗe maka foldar da fayil ɗin yake zaune. Sau da yawa fayil ɗaya nake nema, in je in tarar da 'yan uwansa goma a kwance a gefensa babu suna.

Ina tsakiyar wannan ne jarrabawar ƙarshen zango ta zo, kuma a nan alamar motsin rai ta nuna min amfaninta. Duk mai firinta ya san ranar da za ka tura bugu ya maƙale a layi, ka ce a soke ya ƙi sokuwa, duk abin da ka tura bayansa ya tsaya a bayansa kamar motocin da babbar mota ta tare wa gada. Da can kashe kwamfutar nake yi gaba ɗaya in sake kunnawa, kuma tawa kafin ta gama farfaɗowa an sha shayi an wanke kofi. Ranar hedimastan wata firamare yana tsaye a kaina, takardun aji shida yake jira, gobe da safe za a zauna. A katin bango an rubuta: alamar motsin rai, sannan print. Na rubuta ! print, sai Print Spooler ya fito, wato ma'aikacin da ke cikin Windows mai jera takardu a layi yana miƙa wa firinta. A gefensa akwai ƙananan maɓallai, ana kai wa gare su da Tab: tsayarwa, tayarwa, sake tayarwa. Na tsayar da shi, kwamfutar ta nemi izini na ba ta. Na sake kiran ɗan aiken na rubuta masa adireshin ɗakin da takardun suke maƙalewa, C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, domin idan ka ba shi cikakken adireshi kai tsaye yake kai ka. Na goge abin da ke ciki, na koma na tayar da ma'aikacin. Firinta ta yi tari ta kama aiki. Hedimasta ya ce, "Malam, me ka yi mata?" Na ce hanya na share mata. Amma ina jan kunnen duk wanda zai gwada: a jerin nan akwai ma'aikata da yawa da Windows take tsaye a kansu. Wanda ka san aikinsa kaɗai za ka taɓa. Ni har yau wannan ɗayan ne nawa.

Ba zan ɓoye ɓarnar da gaggawata ta jawo ba. Ɗan aiken yana karɓar umarnin kashe kwamfuta, da sake kunna ta, da kulle ta, da sa ta barci, duk ta hanyar rubuta kalmar. Wata rana wata yarinya ta zo da mahaifiyarta, muna cika mata fom ɗin neman makaranta a intanet. Mun yi shafi uku, mun ɗora hoto da kyar saboda sabis yana zuwa yana tafiya. Wani ya leƙo yana neman jerin sunayen shugabannin ƙungiya. Na kira ɗan aiken na rubuta shu, na danna Enter ban kalli allo ba. Abin da ya hau sama shi ne umarnin kashewa, domin da waɗannan haruffa uku kalmar take farawa a Turanci. Allo ya yi duhu. Kafin kwamfutar ta dawo sabis ya tafi, fom ɗin kuma bai ajiye komai ba. Na ba uwar haƙuri, na ce, "Inna, laifina ne, gobe ku dawo ba za ku biya komai ba." Tafiyar da suka yi ba kaɗan ba ce, kuma sai da suka sake yin ta. Daren nan na shiga saitin ɗan aiken, na sami wurin umarnin kashewa, na kunna zaɓin da ke sa ya tambaye ka tukuna kafin ya aikata. Duk wanda zai saka wannan manhaja, ina roƙonsa ya fara da wannan tun ranar farko. Tun daga lokacin kuma, in fayil nake nema, da alamar tambaya nake farawa, don kada wani abu daban ya shigo layin.

A wannan saitin ne na ga cewa kowane sashe nasa yana da zaɓin ko ya riƙa sa baki a kowane nema, ko kuwa sai an kira shi da alamarsa. Na hana sashen binciken intanet sa baki, domin sau biyu ina kuskuren rubutu yana buɗe min burauza a kan datar da nake lallaɓawa. Yanzu sai na rubuta alamar tambaya biyu yake fita waje. Na kashe sassan da ba ni da hulɗa da su, na masu rubuta manhaja da makamantansu, akwatin ya ƙara sauri.

Sauran alamomin a hankali suka shiga hannuna. Bakin kibiya mai kallon hagu, <, yana jero tagogin da suke buɗe, ka rubuta wani yanki na sunan taga ya kai ka. Ranar da nake da takardun Word bakwai a buɗe, na makarantu uku, ya fi min bin su ɗaya-ɗaya, kuma daga nan ana iya rufe manhajar da ta sandare. Alamar motsin rai biyu, !!, tana dawo da abubuwan da ka taɓa zaɓa a baya, har da lissafin da ka yi ɗazu ka manta amsarsa. Da alamar dala nake zuwa wurin firintoci da wurin da ake ganin manhajar da ta fi shan data. Bakin kibiya mai kallon dama, >, shi ne na ba da umarni irin na masana, kuma biyu kawai na riƙe. Idan zan bar kwamfuta tana kwafe ayyuka zuwa filash in tafi sallar isha'i daga can in wuce gida, nakan rubuta > shutdown /s /t 3600, sai ta kashe kanta bayan daƙiƙa 3600, awa ɗaya ke nan, batir ya kwana da sauransa. Sai dai wannan kashewar ba ta jiran kowa, duk takardar da ba a adana ba ta tafi, don haka sai na rufe komai tukuna. In na fasa, > shutdown /a yana soke ta.

Da yaron ya zo hutun bana ya gaya min cewa a 2025 an fito da ƙanen ɗan aiken a cikin jakar, sunansa Command Palette, ana kiransa da maɓallin Windows da Alt da na tazara, kuma shi ake shirin ya gaje shi. Ya kuma tuna min cewa daga 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin da ta saba bai wa Windows 10, don haka in fara tanadin wata kwamfutar. Ina tanadin. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne sunayen da na sa wa fayilolina za su bi ni duk injin da na koma, kowane ɗan aike na tarar a can.

Na bar zancen takardar Baba a baya. Har aka fara yankan gero ban kai gare ta ba, domin fayilolin sun fi ƙarfin ashirin-ashirin ɗin da nake yi. Na sake kiran yaron. Ya ce in sauke wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna Everything, ta voidtools, ita ma kyauta ce, kuma ƙanƙantarta ta sa ko sabis ɗinmu ya iya jawo ta da asuba. Ita ba ta jiran rajistar Windows, teburin sunayen da ke jikin rumbun take karantawa kai tsaye, shi ya sa cikin ɗan lokaci ta jero duk abin da ke C da D. Ya ce tunda ban san suna ba, in nema da iri da lokaci. Na rubuta ext:docx dm:2022, wato takardun Word da aka taɓa a 2022. Na jera su bisa kwanan wata. Na tuna an yi cinikin ne kwanaki kaɗan bayan babbar salla, wadda a shekarar ta faɗo a watan Yuli. Jerin ya dawo guda goma sha wani abu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta tara, a cikin wata folda mai suna "New folder (3)", fayil mai suna "Doc1 - Copy (2)". Na buɗe, ga sunan Baba a layi na biyu, ga iyakoki huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, kowace da gonar da ta yi maƙwabtaka da ita, ga sunayen shaidu uku.

Na rufe ta, na danna F2, na sa mata sunanta cikakke. Na kira ɗan aiken na rubuta alamar tambaya da sunan ƙauyensu, ta faɗo ita ce ta farko. Sannan na buga kwafi uku.

Ban jira Lahadi ba. Da la'asar na rufe shago na hau babur. Na same shi a bakin gona ana ɗaurin dami, ya yi mamakin ganina. Na miƙa masa takardun a cikin sabuwar leda. Ba ya karatun boko, sai ya kira jikansa ya ce ya karanta masa da ƙarfi. Yaron yana karanta iyakokin yana gyaɗa kai, da aka zo ta arewa ya ɗaga hannu ya nuna wata tsamiya can nesa ya ce, "Ga ta can." Ya tambaye ni me ya sa uku. Na ce ɗaya tasa, ɗaya ta mai sayarwa, ɗaya a bar ta wurin dagaci. Ya ce jibi bayan sallar Juma'a zai tara shaidun. Ya sa aka ɗaura min damin gero ɗaya a bayan babur, na ce ya bari, ya ce ba da ni yake magana ba, da babur ɗin yake.